Ɗigon Baba a Bakin Kwata

Idan ka taɓa tafiya a ƙasa a unguwarmu ka sunkuyar da kai, ka ga aikin mahaifina ko ba ka san shi ba. A bakin kowane murfin ƙarfe na magudanar ruwa, a jikin simintin gefen titi, akwai ɗigon fenti kamar girman murfin kwalba. Wani ja, wani shuɗi, wani rawaya, wani a kan wani har sun yi tudu. Shekara talatin da ɗaya Baba yana ɗiga su, har sunansa ya ɓace ya koma Mai Ɗigo. Ma'anar ɗigon guda ɗaya ce: an zuba wa ramin nan maganin sauro, kada kowa ya sake wahala a kansa. Ɗigon Baba bai taɓa yin ƙarya ba sai a shekararsa ta ƙarshe, kuma ni ce na fara sani.

Mutane sun ɗauka daga bola sauro ke fitowa, ko daga ciyawa. Baba kan ce daga ƙarƙashin ƙafarsu yake fitowa. Ruwan sama idan ya bi titi, ta tsagar murfin yake faɗawa cikin wani rami na siminti, daga nan bututu ya ɗauke shi. To amma bakin bututun ba a gindin ramin yake ba, an ɗaga shi sama don yashi da shara su kwanta kada su toshe hanya. Saboda haka ko an yi wata uku ba a ga hadari ba, akwai ruwa kwance a gindin, baƙi, ba rana, ba iska. Ma'aikatan suna kiran ramin tukunya. A nan sauro ke zuba ƙwai, a nan tsutsarsa ke girma, bayan mako guda ta yi fiffike ta fito ta tsagar da ruwan ya shiga.

Baba bai yi karatu mai nisa ba. Da leburanci ya shiga sashen lafiya na gari, cikin masu yashe kwata da shebur, tun kafin ya auri Mama. Wani tsohon duba-gari ne ya lura cewa saurayin nan ba ya manta rami: a tambaye shi wanda suka yashe bara a bayan makaranta, ya faɗi zurfinsa, ya faɗi inda bututunsa ya nufa, har ya faɗi takalmin da suka tsinta a ciki. Sai ya karɓe shebur ɗin ya ba shi ludayi. Wannan shi ne ƙarin girman da Baba ya samu a rayuwarsa, na farko kuma na ƙarshe, kuma ban taɓa jin ya nemi wani ba.

Kayan aikinsa ba su da yawa. Ƙugiyar ɗaga murfi, farin ludayi mai mariƙi tsawon mutum, guntun madubi na haska rana cikin rami, jakar buhu cike da dunƙulen magani, kowanne kamar rabin sabulu, sai gwangwanin fenti da ɗan sanda mai tsumma a kai. Ya ɗaga murfi, ya haska, ya zura ludayi a hankali don kada tsutsar ta nutse, ya ɗago ya duba. Sannan ya jefa dunƙule ɗaya, ya mayar da murfi, ya ɗiga fenti. Maganin na kashe tsutsa cikin kwana biyu, ya kuma riƙe ramin wata guda, shi ya sa kowane wata ofis ke sauya launin fenti. A ɗiba, a jefa, a ɗiga: haka yake faɗa ƙasa-ƙasa a bakin kowane rami, mu kuma muna yara mun ɗauka waƙa ce, har tsalle muke yi da ita a tsakar gida. Dokarsa ɗaya ce, ba a ɗiga sai an jefa. Ya taɓa daina gaisawa da wani abokin aikinsa shekara biyu don ya kama shi yana bin titi da fenti kawai, maganin yana gida.

A gida mutum ne marar magana, Mama ce bakin gidan. Takan ce ita kaɗai ce matar da mijinta ke fita da ludayi kullum ya dawo ko miya bai taɓa ba. Idan muka je ziyara gidan dangi, kafin ya gama gaisuwa idonsa na kan duro da tsoffin tayoyi. Ya tashi ya kife gwangwanin mutane, ya zubar musu da ruwan kaji, ya dawo ya zauna ya ci gaba da tambayar lafiyar yara. Mama ta ce wata rana sai an kore mu da tsintsiya. A makaranta 'yar mai kwata ake ce mini, na yi dambe a kan sunan har sau biyu, na sha kaye duka biyun. Da na kai masa ƙara sai ya ce to ai shi mai kwatar ne, me zai ce musu. Na yi kwana uku ina fushi da shi, bai ma lura ba.

Amininsa ɗaya ne, Direba, mai tuƙa motar feshi ta sashen, wani ƙato da idan yana dariya cikinsa ke rawa. Shi ake yaba wa. Motar na shigowa layi tana hayaƙi za a buɗe tagogi, a yi ta sa wa hukuma albarka, alhali Baba ya bi layin da safe ba wanda ya ce masa sannu. Direba da kansa kan ce hayaƙinsa kwalliya ce, sama yake tashi, ba ya shiga tukunya. Yana kiran Baba Sarkin Tsutsa, Baba na kiransa Mai Turare. Akwai kuma masu duba aiki da ke zagayawa ƙarshen wata. A unguwannin wasu sukan tsaya su ɗaga murfi biyu ko uku su zura ludayi. A unguwar Baba an fi shekara ashirin ba wanda ya sauko daga mota. Su leƙo ta taga, su ga launin watan a bakin titi, su wuce. An sha faɗa a gabansa cewa ɗigonsa ya fi sa hannun shugaba, shi kuma ya sunkuyar da kai kamar an zage shi, amma na san yana jin daɗi.

Mama ta rasu shekara uku kafin abin da zan faɗa. Yayana yana wani gari da iyalinsa, saura ni da Baba a gidan, ina ɗinki a ɗakin gaba mai kallon titi. Na ga alamu. Ya zuba sukari a shayi, ya juya, ya sake zubawa. Ya sa takalmi ƙafa ɗaya ya zauna yana kallon ɗayan. Wata rana da yamma ya leƙo ɗakin ɗinki ya ce, "Uwata, ina mamanku ta shiga ne?" Uwata yake ce mini tun ina ƙarama. Na ce ta rasu, Baba. Ya ce haka ne, haka ne, ya koma. Na ci gaba da taka keke. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, gani nake ina kau da kai, don kullum ƙarfe bakwai yana fita da kayansa, ƙarfe biyu ya dawo da fenti a yatsa, na ce wa raina wanda ke iya wannan bai lalace ba.

Akwatin Mama ne ya tona zancen. Babban akwatin ƙarfe ne a ƙarƙashin gadon Baba. Na je neman wata tsohuwar rigarta in ga yadda aka yi wuyan, da na ja sai ya ƙi jawuwa. Da na samu na buɗe, ban ga alamar tufafi ba. Dunƙulen magani ne sahu-sahu, an shirya su tsaf yadda Baba ke shirya komai, har bakin murfi. Ban ƙirga ba. Na dai san cewa da can wayam jakarsa ke dawowa ya rataye ta a ƙusa. Na zauna a ƙasa ina kallonsu. Ban ji tsoro ba, kuka bai zo ba, ban ji komai ba. Abin da na tuna shi ne na bar dutsen guga a kunne, na rufe akwatin na tafi na kashe.

Washegari na bi shi daga nesa. Bai ɓata hanya ko sau ɗaya ba. A rami na farko komai daidai: ya ɗiba, ya jefa, na ji faɗawar dunƙulen a ruwa, ya ɗiga. Na biyu ma haka, har na fara jin kunyar kaina. A na uku ya zura hannu cikin jaka, ya fito da shi, ya yi wurgi cikin ramin, kuma babu komai a hannun. Bakinsa na motsi, a ɗiba, a jefa, a ɗiga. Ya mayar da murfi, ya tsoma sanda ya ɗiga shuɗi mai kyau, zagayayye, ya wuce. A ramuka goma sha takwas na ranar, bakwai ne suka sami magani. Duka sha takwas ɗin sun sami ɗigo, kuma ko ni da na tsaya ina kallo, da na waiwaya ban iya bambance su ba.

Na kira Yaya. Ya tambayi saura wata nawa Baba ya yi ritaya. Na ce bakwai. Ya ce to in rufa wa tsoho asiri, wata bakwai kamar gobe ne. Idan aka ji ba ciwo za a ce ba, cewa za a yi shekara talatin yana ha'inci, sunan da ya tara ya zube a rana ɗaya. Ya ce sauro dai ba yau aka fara shi ba. Na ji haushinsa, mutum yana can nesa yana ba da umarni ta waya, amma gaskiya abin da nake so in ji ke nan. Ba tilasta ni ya yi ba.

Sai na zama mai jefawa. Ƙarfe huɗu in rufe ɗakin ɗinki, in cika jakar cefane daga akwatin Mama, in bi inda na ga sabon ɗigo ina tura dunƙule ta tsagar murfi. Na tambayi Direba a fakaice ko magani biyu a rami ɗaya na da illa. Ya ce babu, asara ce kawai. Ya dube ni ya daɗe, bai yi dariyar nan tasa ba, bai kuma tambaye ni dalili ba. Mako biyar na yi a haka. Ɗinkin mutane ya taru, wata ta zo ta karɓi yadinta tana gaya mini maganganu, na naɗe mata shi na ba ta. Ƙafafuna suka kumbura. Ina ce wa raina ina cike abin da yake bari, ban san cewa ramukan da ake gani daga titi ba su ne duka ba.

Gari ya girma a kan magudanar. An kafa shaguna a kan wasu ramukan, an ja katanga ta haɗiye wasu. Taswirar ofis ba ta san da su ba, Baba ne ya sani, kuma ɗigonsu ba a bakin titi yake yi ba, sai a jikin ƙofa ko gindin bango. Wannan daga baya na sani.

A ƙarshen layinmu akwai kantin Maman Biyu, mai sayar da sabulu da ashana da kayan shayi. 'Yan biyunta mata, shekararsu huɗu, a kantin suke wuni, su kwanta a tabarma bayan teburin kaya har zuwa magariba lokacin da take rufewa. Ƙaramar ta kwanta zazzaɓi ranar Talata, aka kai ta asibiti ranar Alhamis, ranar Asabar aka dawo da ita a naɗe. Likita ya ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai. Wane sauro, daga ina, ba wanda zai iya faɗa. Baba da kansa ya sha cewa ba kowane sauron tukunya ke ɗauke da ciwo ba, kuma sauro ba ya zuwa da adireshi.

Muka je gaisuwa ni da shi, ya tsaya daga bakin ƙofa. Tana zaune ta jingina da bango, ɗayar yarinyar na kwance a cinyarta. Mata na ta zagin hukuma, an ce ba a feshi, an ce ba a kwashe shara. Sai ta ɗago ta dubi Baba.

"Kai kam ka yi naka, Baba," ta ce. "Ko makon jiya ka zo na janye buhuna ka ɗaga katakon. Ga ɗigonka can a jikin ƙofa. Shi ya sa ban taɓa damuwa in ɗaura musu gidan sauro a kantin ba."

Baba ya ce Allah ya ba da haƙuri. Ni kuwa a ranar na fara jin cewa akwai rami a ƙarƙashin kantin. Na zauna har aka gama addu'a, na sha ruwan da aka miƙo mini, na sa takalmina daidai. Jikina na yin komai da kansa, ni ban san inda nake ba.

Kwana biyu ban ce komai ba. A na uku na tuna cewa akwai ɗayar yarinyar, kuma za a sake buɗe kantin. Baba ya fito da ludayi a kafaɗa ya tarar na jawo akwatin tsakiyar ɗaki na buɗe. Ya duba ya ce ragowa ce, ofis sun cika ba da magani da yawa kwanan nan, zai mayar musu. Na ce ba ragowa ba ce. Na faɗa masa yadda na bi shi, na faɗa masa rami na uku, na kwatanta masa da hannuna yadda ya yi wurgi. Ban tausasa ba, ban kuma ɗaga murya ba, kamar ina karanta wa mai ɗinki awonsa na faɗa. Ya ce ƙarya nake. Bai taɓa ce mini haka ba tunda aka haife ni. Sannan ya buɗe tafin hannunsa na dama yana kallo, ya juya bayansa, ya sake juyowa. Ya daɗe a haka.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Ban sani ba, Baba. Ni mako biyar ke nan da na gani."

"Mako biyar." Ya dube ni. "Kika bar ni ina ɗigawa."

Ya rufe akwatin.

"Ɗauko kananzir da tsumma," ya ce.

Kai tsaye kantin ya nufa. Maman Biyu ta fito da makulli, ta buɗe, ta janye buhunan sukari yadda ta saba. Ya ɗaga katako biyu na daɓen, ga murfin ƙarfe a ƙasa, taku ɗaya daga tabarmar yaran. Da ya ɗaga murfin sai da muka ja baya, sauro ya taso mana a fuska. Ya zura ludayi ya ɗago. Farin ludayin ya yi baƙi da tsutsa, suna ta mutsu-mutsu. Ya miƙa mata ta gani.

"Ɗigon nan na jikin ƙofarki ƙarya ne," ya ce. "Ni na yi shi. Ban zuba magani ba."

Na zaci za ta yi ihu ko ta zage shi, har so nake ta yi. Ta kalli ludayin, ta kalli tabarmar. Ta sunkuya ta naɗe tabarmar ta rungume.

"To zuba yanzu," ta ce.

Ya jefa ɗaya, na ji faɗawarsa, ya mayar da murfi da katako. Ya tsoma tsumma a kananzir ya durƙusa a bakin ƙofar yana goge ɗigon. Jan watan nan ya fita, shuɗin watan jiya ya bayyana a ƙarƙashinsa, ya goge shi ma, rawaya ta fito. Bai san inda na gaskiya ya tsaya ba, saboda haka ya yi ta gogewa har ya kai ga katako. Ita tana tsaye tana jira ya gama ta kulle.

Wunin ranar kansa garau yake, yadda ban gan shi ba a shekara guda. Na kira Direba ya zo da ƙafa, na faɗa masa a taƙaice, ya ce ya yi zato. Baba ya shige gaba ya bi da mu ramukan da ba sa cikin taswira: na bayan gidan burodi, na ƙarƙashin matakalar makaranta, na cikin garejin da aka ajiye matacciyar mota a kansa. Talatin da huɗu. Direba na ɗaga murfi, Baba na ɗiba, ni ina jefawa ina rubuta kwatancen wurin a littafin awon ɗinkina. Gwangwanin fenti na hannun Baba, bai buɗe shi ba ko sau ɗaya. A hanyar dawowa ya ce gobe shi da kansa zai je ofis ya faɗa, kada in riga shi. Direba ya so ya tsokane shi, ya ce Sarkin Tsutsa yau ka gajiyar da mu, sai kuma ya bar zancen a nan.

Washegari ƙarfe bakwai ya fito tsaf, ludayi a kafaɗa, yana tambayar wa ya taɓa masa kaya suke warin kananzir. Na ce ofis fa za mu, Baba. Ya ce me za a yi a ofis tsakiyar wata, yau layin kasuwa gare shi. Na dube shi, babu komai na jiya a fuskarsa, ba kantin, ba ludayin. Na ɓoye gwangwanin na ce fenti ya ƙare, ya zauna ya jira in karɓo masa. Ya zauna.

Ni na je. Shugaban sashen matashi ne, bai fi Yaya ba, takalminsa na ƙyalli. Na ajiye masa littafin awo, na ce akwai akwati a gida su aiko a ɗauka, na faɗi sauran. Tambayarsa ta farko ita ce wa da wa suka sani. Ta biyu, ko masu duba aiki sun taɓa ɗaga murfi a unguwar. Ya tambaya ya kuma ba kansa amsa. Cikin mako guda aka turo mutum shida suka bi unguwar rami-rami da kore, launin da ba a taɓa amfani da shi ba, aka ce daga yau kore kaɗai za a yarda da shi. Aka sallami Baba a kan rashin lafiya, saura masa wata biyar da 'yan kwanaki. Takarda aka aiko, ba a yi taro ba. Yaya ya yi wata biyu ba ya ɗaukar wayata. A unguwa wasu sun ce ciwo ne, wasu sun ce dama can haka yake yi, asirinsa ne ya tonu. Na ji duka biyun a bakin masu kawo ɗinki, ina riƙe da tef ina auna su.

Maman Biyu ta sayar da kantin. Iya sanina ba ta taɓa gaya wa kowa abin da ta gani a ludayin ba. Idan mun haɗu a hanya muna gaisawa, in tambayi yarinya, ta tambayi jikin Baba. Ban taɓa faɗa mata mako biyar ɗina ba. Ban san ko da na yi magana tun ranar da na buɗe akwatin ƙaramar za ta rayu ba, ba kuma zan sani ba. Abin ba ya sa ni kuka. Yana nan dai zaune, ina ɗinki da shi, ina cin abinci da shi.

Ofis sun karɓe magani, amma ludayi da ƙugiya da jakar buhu nasa ne. Da farko na hana shi fita, ya yi kwana huɗu ba ya cin abinci, yana tsaye a bakin ƙofa da kayansa. Fenti ne matsalar. Ba zan bar shi ya sake ɗiga ko ɗaya ba, shi kuma ba zai fita ba gwangwani ba. Sai na wanke gwangwanin tas na cika shi da ruwa. Sau ɗaya ya tambaye ni wane irin launi ne wannan, na ce shi ofis suka ba da wannan watan. Ya ce ofis dai ba sa rabo da sabon abu.

Yanzu kullum ƙarfe bakwai muna fita, awa guda mu dawo in buɗe ɗakin ɗinki. Ba ya iya ɗaga murfi kuma, ya dai sunkuya ya leƙa ta tsaga, ya zura hannu a jakar da ba komai, ya yi wurgi, ya miƙo mini sanda in tsoma masa. Ya ɗiga a gefen koren, zagayayye, mai kyau. Kafin mu kai rami na gaba rana ta shanye shi. Wani lokaci yakan waiwaya ya tsaya yana duban simintin.

"Uwata, mun tsallake wancan," ya ce. "Ba a barin rami."

Sai mu koma.